Rabin Safiya a Kan Rumfar Kasuwa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan sallar Asuba

Rosaline ce ta ba ni littafin nan. Ta ce tunda na daina magana da mutane, in riƙa yi da takarda. Ita ce a gadon sama, ni ina na ƙasa, kuma a kamfanin wanki ɗaya muke aiki a nan DIP, unguwar masana’antu ta Dubai. Rubutuna ba shi da kyau, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma ba mai dubawa.

Jiya Bashar ya kira, ƙanin Baban Safiya. Da can in ya kira da tsokana yake farawa: “Matarmu ta Dubai, ina tsarabata?” Jiya cewa ya yi, “Maman Safiya, ya haƙuri?” Sannan ya ce an fara maganar rabon gado. Ya ce ya samu wani mutum a birni da zai sayi farantan solan da marigayi ya bari, duka da baturansu, zai aiko da mota a kwance su daga kan rumfar kasuwa.

Na ce to. Ban san abin da ya sa na ce to ba.

Talata, 7 ga Oktoba, hutun cin abinci

Zanen gado na otal-otal muke gogewa. Fari, fari, fari, daga safe har yamma. Ni da Rosaline mu kama bakinsa mu sa wa injin, ya fito ta can da zafi. Yau na saki nawa ɓangaren sau biyu, mai kula da mu ta ce, “Yalla, Halima, yalla.” Ba ta yi faɗa ba. Ta sani.

Daga tagar motar kamfani ana hango rufin sito-sito, wasu duk farantan sola ne a jere. A kan irin rufin nan Baban Safiya ya yi shekarunsa a ƙasar nan, yana ɗaurawa yana wankewa. In albashi ya shigo sai mu hau jirgin ƙasa zuwa Al Rigga, mu taka zuwa wajen masu kago da ke kai kaya gida, ya aika abin da ya samu saya. Ni ina zancen fili, shi yana zancen batir. Da suka taru ya koma gida Kafin Ɗorawa ya ɗora su a kan rumfar kasuwa, ni na tsaya in ƙarasa kwantiragina. Ya ja waya zuwa ɗakin shan magani, da injin niƙan Iya Abu, da gidajen da ke kusa. Aka kafa kwamiti, kowa yana ba da ɗan abin da aka yanka a wata.

Turakun kamfanin wuta suna garinmu tun kafin a haifi Safiya. Tantabaru kaɗai ke morar wayarsu. Amma da tamu ta kama, sai ga mutane da takarda. Suka ce doka ba ta yarda gari ya sayar wa kansa wuta ba. Suka ce a cire wayoyin da suka fita daga kasuwa.

Sai ya hau rumfar don ya cire. Da damina ne. Ya faɗo.

An buga ƙararrawa.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Fitilar barandarmu ba a kashe ta. Na tambaya, an ce ba ta da makunni.

Juma’a, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Malam Ɗalhatu, limamin garinmu, shi zai raba gadon. Ya sa Bashar ya kira ni don in ji da kunnena. Ya tambayi lafiyata, ya tambaya ko ina fita. Na ce aiki kawai, kwanakin da kamfani ya ba ni sun ƙare tuntuni, in na zauna bizata ta tafi. Ya ce lalura ce, Allah ya sani, in dai kiyaye turare da kwalli.

Ya ce nawa tumuni ne. Umma, mahaifiyarsa, tana da sudusi. Safiya rabi. Abin da ya saura na Bashar.

Na ce, “Allah gafarta Malam, nawa na bar wa gari. Na Safiya ma a bar shi a wurin, ai aikin ubanta ne.”

Ya ce, “Naki naki ne, ’yata, ki yi yadda kika so. Amma dukiyar marainiya ba a kyauta da ita. Ko ke da kika haife ta ba ki da wannan ikon, ni ma ba ni da shi.”

Ya yi mini bayani a hankali kamar yana koya wa yaro Fatiha. In da farantan suna kawo wani abu, kamar gidan haya, to sai a bar su, gari ya sha wuta, yarinya ta ci amfanin rabonta. Amma yanzu an hana sayar da wutar. Suna zaune a rana suna tsufa, batura suna mutuwa. Ya ce ba zai tsaya gaban Allah ya ce ya bar dukiyar marainiya ta lalace a kan rufi ba. In babu wata hanya zuwa ƙarshen wata, sayarwa za a yi a ajiye mata.

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, na rasa wanda zan ga laifinsa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Na ƙona yatsa. Ba sosai ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Ranar hutu. Wata baƙuwar lamba ta kira, ashe Honarabul Sulaiman ne, kansilan mazaɓarmu. Ajinsu ɗaya da Baban Safiya a firamare. Yana magana da sauri, Turanci yana faɗowa a ciki.

Abin da na gane shi ne, akwai wata doka da ke kwance a majalisar dokokin jiha. In ta wuce, gari irin namu zai iya yin wutarsa ta rana ya sayar wa mutanensa ba tare da an zo da takarda ba. Amma ta daɗe a kwance, ba mai ɗaga ta. Ya ce in ƙananan hukumomi suka rubuta suka ce suna so, ’yan majalisa za su ji kunya su ɗauko ta. Shi ya kai ƙuduri gaban kansilolinmu, za su zauna ranar Alhamis ta sama. Ya je wajen Malam Ɗalhatu, Malam ya ce in ƙaramar hukuma ta goyi baya da bakinta, to akwai abin jira, zai iya dakatawa.

Sai ya ce, “Maman Safiya, muryarki nake so. Ki yi mana saƙon murya, minti biyu kawai, in saka musu a zauren.”

Na ce, “Honarabul, ina takaba.”

Ya ce, “Na sani, wallahi na sani. Ba fuskarki ba, murya kawai.”

Na ce ni ban iya maganar majalisa ba. Ya ce masu iyawar sun cika zauren, shi ya sa ba a yin komai.

Da na faɗa wa Rosaline, tana tsefe kanta, ta ce, “Ke da kike wa injin guga faɗa da Hausa kullum, yau ne ba ki iya magana ba?” Na yi dariya. Sai na ji kamar na yi sata.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan La’asar

Na gwada a matattakala, inda ba kowa. Na ce “Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.” Sai na ji muryata tana dawo mini daga bango. Na goge.

Na sake. Na kai wajen “mijina” na tsaya. Na goge.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Magariba

Na kira Umma. Tun da abin ya faru gaisuwa kawai muke yi, ya haƙuri, da godiya, sai ta miƙa wa Safiya. Yau ba ta miƙa ba.

Ta ce, “Halima, an ce za ki yi wa hukuma magana.”

Na ce, “Ana so dai, Umma.”

Ta ce, “Ni na daina zuwa kasuwa. Ko gishiri aike nake yi. In rana ta take, gilasan nan suna walƙiya har tsakar gidana. Sai in juya tabarmata.”

Me zan ce wa uwar da ta haife shi? Ni ina nan ina ganin irinsu ta tagar mota, amma ba waɗannan ba ne. Ita waɗannan take gani.

Ta ce, “Ba na hana ki. Amma in an tambaye ni, a kwance su nake so.”

Na ce, “Allah ya huci zuciyarki, Umma.”

Ta ce, “Kina cin abinci kuwa? Muryarki ta yi siriri.”

Safiya ta karɓa ta ce an koma fitilar aci-bal-bal a makarantar allo, hayaƙin yana sa ta tari. Ta ce ma’aikaciyar ɗakin shan magani ta kwashe alluran rigakafi ta mayar birni saboda firji ya mutu. Tana faɗa kamar labarin wasu.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Fitilar baranda tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Na toshe da zane. Promise ta gadon ƙofa ta yi tuntuɓe da shi, na cire.

Asabar, 18 ga Oktoba, hutun cin abinci

Bashar ya yi fushi. Ya ce mai sayen ba zai jira ba. Ya ce, “Ke kina can cikin sanyin na’ura, mu ne a nan da Umma. Kin san sau nawa na kai ta asibiti tun watan jiya?”

Ban sani ba. Ba wanda ya faɗa mini.

Ya ce, “Ni na ɗauke shi daga ƙasa, Maman Safiya. Ni. Kada a mayar da ni mugu a garin nan.”

Na ce, “Ba wanda ya ce kai mugu ne, Bashar.”

Ya ce, “Suna faɗa da ido.”

Sanyin na’ura. Nan inda nake tsaye gumi har cikin takalmi. Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da rana

Su Rosaline sun haɗa mota sun tafi Hatta. Ta ce in zo iska ta buge ni, na ce ba yanzu ba. Ɗakin ya zama nawa ni kaɗai.

Baban Safiya ya taɓa kai ni can. Mutane suna ta ɗaukar hoto a bakin dam, ruwa kore shar tsakanin duwatsu, shi kuwa ya juya wa ruwan baya yana bin manyan wayoyi da ido, yana lissafin daga ina suka taso. Na ce, “Malam, ni ka kawo ko su?” Ya saya mini zuma don in huce.

Tunda ba kowa, na zauna a bakin gado na yi saƙon. Ban goge ba. Na ce musu ni ce matar wanda ya ɗora farantan. Na ce ban yi karatu mai zurfi ba, ban san yadda ake doka ba. Na ce a nan inda nake ko bayan gida akwai wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ’yan garuruwanmu ne suke hawa rufi suna ɗaura musu. Na ce rana ɗaya ce a nan da can. Na ce wutar tana nan a kan rumfa, an riga an kawo ta, ba kuɗin hukuma muke roƙo ba, izini kawai. Na ce akwai yarinya da rabin abin nata ne, in sun ce eh za a bar mata, in sun yi shiru za a kwance.

Na tura kafin in saurara. Na tashi na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Isha’i

Ba su zauna ba. Ana ɗaurin auren ’yar wani babba a birni, rabin kansilolin sun tafi. An ɗaga zuwa Alhamis mai zuwa.

Alhamis mai zuwa talatin ga wata ce.

Juma’a, 24 ga Oktoba, da safe

Na gaji.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan Magariba

Rosaline ta dafa fate da yakuwa irin na garinsu, ta tsaya a kaina sai da na ci. Ta ce, “Khalas, yau ba za ki ce mini kin ƙoshi ba. Ko so kike in kira surukarki in kai ƙara?” Ta ce ta sa sunan garinmu a addu’a a cocinsu, amma fasto ya kasa faɗin Ɗorawa, ya ce Dorawa, tana fata Allah ya gane. Na ce zai gane.

Ta tambaye ni, in an kwance su fa? Na ce shi ke nan, sai a ajiye wa Safiya kuɗinta. Ta ce, “To ai ba asara ba ce.” Na ce eh. Gaskiya ta faɗa. Amma kuɗi ba su san shi ba. Farantan nan kowane ɗaya sai da ya ɗauke shi a kafaɗarsa.

Litinin, 27 ga Oktoba, hutun cin abinci

Safiya ta ce mai sayen ya zo ya auna rumfa da igiya, ya ƙirga, ya tafi. Ta ce Iya Abu mai injin niƙa ta tsaya tana kallonsa har ya shiga mota, ba ta amsa sallamarsa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Gobe. Na yi mafarkin ina ninke zane ba ya ƙarewa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan Magariba

Wayata tana cikin loka, akwatin ajiyar kayanmu, duk yini, ba a shiga da ita wajen injin. Da muka fito na ga Honarabul ya kira har ya gaji. A cikin mota na kira shi, Rosaline ta manna kunnenta a nawa.

Sun zauna. Sun amince. Mutum biyu ne kawai suka ƙi ɗaga hannu. Za a rubuta wa majalisar jiha da hatimin ƙaramar hukuma cewa suna goyon bayan dokar, kuma za a aika wa maƙwabtan ƙananan hukumomi su ma su yi.

Na ce, “Alhamdulillahi. Sun ji saƙon?”

Ya yi ɗan tari. Ya ce, “Maman Safiya, ki yi haƙuri. Babu wuta a zauren. Janareto ba mai, lasifika ba caji. Na saka a wayata na ɗaga sama, amma ba a ji, mata sun cika wurin.”

Ashe Iya Abu ce ta tara matan da ke kai niƙa, suka shiga a-kori-kura, kowace da ƙwaryar tsabarta. Suka zauna a bakin ƙofa da tagogi suka toshe iska. Ba su yi ihu ba. Iya Abu ta ce wa shugaban majalisa, “Ɗana, mun zo da hatsinmu. In ba za a yi maganar wuta ba, a ba mu turmi mu daka a nan, mu ga ko za ku ji junanku.” Honarabul ya ce kansiloli suna ta fifita da takardun ƙudurin, gumi yana ɗiga, aka yi maza aka ɗaga hannu.

Rosaline tana ta dariya har direba ya waiwayo. Ni ma na yi. Sannan na juya wajen taga.

Ba wanda ya ji. Duk abin da na faɗa ranar Lahadin nan, ba wanda ya ji. Wani ɓangare na zuciyata ya ce gara haka, muryar mai takaba ba ta shiga zauren maza ba. Wani ɓangaren kuma bai ce komai ba, ya zauna kawai.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La’asar

Malam Ɗalhatu ya ce ƙuduri ba doka ba ce, kada in ɗauka an gama. Majalisar jiha tana hutu, ba a san ranar da za su ɗauko ta ba. Amma ya ce yanzu akwai abin da zai nuna in an tambaye shi. Zai bar rabon Safiya a kan rumfa zuwa bayan ƙaramar Sallah. Kafin nan za a mayar da waya ɗaya zuwa ɗakin shan magani, kyauta, daga tumunina, tunda ba sayarwa ba ce, kuma batura za su riƙa motsi. Honarabul ya ce shi zai tsaya in an sake zuwa da takarda.

Umma ta aiko Safiya ta faɗa wa Malam a bar nata tare da na yarinya. Ta ce amma kada kowa ya zo yi mata godiya, kuma ba za ta koma kasuwa ba.

Bashar ya ɗauki nasa. An kwance layin ƙarshe, na gefen mahauta, da batir ɗaya. Haƙƙinsa ne. Safiya ta ce wurin ya yi kamar bakin da aka cire wa haƙori.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Aiki. Zane. An kawo sabuwar yarinya daga Kampala, tana tsoron injin. Na nuna mata inda ba a sa hannu.

Talata, 4 ga Nuwamba, hutun cin abinci

Bashar ya kira, can gida ko hantsi bai yi ba. Ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar zafi, yana tambayar aiki. Na san akwai magana.

Ya ce, “An haɗa wayar asibiti jiya, amma firjin yana kamawa yana saki. Mai gyara ya ce gilasan ne suka yi datti, tantabaru sun ɓata su. Tun da… ba wanda ya wanke. Na ce ko kin san yadda Yaya yake yi.”

Na sani. Na sha jin sa yana faɗa wa sababbin ma’aikata a waya har na haddace. Na ce da sassafe ake yi kafin gilas ya yi zafi, in ya yi zafi ruwan sanyi yana iya fasa shi. Ruwa zalla, ba omo. Tsumma mai laushi a bakin sanda, kada a kankare da ƙarfe. Kada a taka su.

Ya ce, “To. Gobe in sha Allahu.”

Na ce, “Wa zai hau?”

Ya ce, “Wa kike gani?”

Ƙararrawa ta buga, Rosaline tana ɗaga mini hannu daga ƙofa. Ban tashi ba.

Na ce, “Bashar, ka saurare ni. Ka bari raɓa ta bushe a kan kwano tukuna. Ka cire silifa. Ka sa mutum biyu su riƙe tsani, manya, ba yara ba. Ka ɗaura igiya a ƙugunka, ka ɗaure ta a ƙarfen tsakiya, ko da mutanen kasuwa za su yi maka dariya. Yayanka bai ɗaura ba. A nan kullum yana ɗaurawa, a gida ya ce ai rumfa ce kawai.”

Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai yau.

Na ji numfashinsa a waya. Ya ce, “Zan ɗaura, matar Yaya.”

Na ce, “In ka sauko ka kira ni. Wayata tana loka, amma ka kira, zan gani.”